Duwatsun Aman Wuta na Tudun Biu da Shaidar Tafkin Tila kan Yanayin Zamanin Da

Tsakure

Wannan maƙala ta duba asalin tudun Biu da ke kudancin Jihar Borno, da abin da lakar Tafkin Tila ta adana game da yanayi. Hujjojin sun nuna cewa fari ne ya sauya tsirran yankin sannu a hankali, kuma dajin ciyawa ya riga gatarin manomi zuwa wurin.

Gabatarwa

An daɗe ana ɗauka cewa dajin ciyawa mai itatuwa jefi-jefi da ya mamaye arewacin Nijeriya ragowar kurmi ne da noma da ƙonawa suka cinye. Ba a iya gwada wannan zato sai da wurin da ya riƙe tarihin tsirrai na dubban shekaru. Tudun Biu yana da irin wannan wuri, wato Tafkin Tila.

Asalin Tudun

Tudun ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 5,000, tsayinsa kuwa ya kai wajen mita 700 daga doron teku. Narkakken dutse ne ya riƙa ɓulɓulowa yana malala kan tsoffin duwatsun gindi, ya daskare ya zama baƙin dutsen basal. An fara wannan aman wuta sama da shekaru miliyan 5 da suka wuce, kuma akwai tsaunukan aman wuta fiye da 80 a warwatse a kai. Masana na danganta tudun da jerin tsaunukan Kamaru, wanda ya taso daga tsibiran Sawo Tome da Biyoko ya ratso Dutsen Kamaru. Rugurgujewar basal ce ta ba al'ummomin Babur da Bura ƙasar noma mai albarka, mai riƙe laima bayan ɗaukewar ruwa.

Tafkin Tila ya samu ne yayin da narkakken dutse ya ci karo da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ruwan ya rikiɗe tururi nan take, ƙasa ta fashe, aka bar kwarin rami zagayayye mai ganuwar toka. Da yake babu kogin da ke ratsa shi, duk abin da iska ta jefa ciki yana kwanciya a ƙasa, na bana a kan na bara.

Shaidar Laka

Ulrich Salzmann da abokan aikinsa sun haƙo wannan laka, suka buga sakamakonsu a mujallar Quaternary Research a 2002. Sun nazarci ƙurar furanni da ɓawon ƙananan halittun ruwa da sinadaran lakar, wadda ta adana kimanin shekaru 17,000 bisa ma'aunin kabon. A farkon wannan zango fari ne ya yi kanta, ciyawa ta rufe ko'ina. Wajen shekaru 10,000 da suka wuce ruwan tafkin ya ɗago da sauri, itatuwan da a yau sai an nausa kudu ake ganinsu suka bazu, har da zaitun na kan tsauni mai son sanyi da laima. A wannan zamanin damina mai ƙarfi ne Tafkin Chadi ya cika har gaɓarsa ta kai tudun yashin Bama, aka kuma sassaƙa kwalekwalen Dufuna mai shekaru kusan 8,000.

Daga wajen shekaru 7,000 da suka wuce ruwa ya soma ja, itatuwan kudu suna ragewa kaɗan-kaɗan. Muhimmin abu shi ne, ko a lokacin da ruwa ya fi yawa, ƙurar ciyawa ba ta ɓace daga lakar ba, kuma ɓurɓushin gawayi ya nuna gobarar daji ta daɗe tana tashi.

Kammalawa

Kurmi rufaffe bai lulluɓe tudun Biu ba a tsawon wannan tarihi. Saboda haka ya kamata shirin dashen itatuwa a yankin ya ginu kan itatuwan daji na gida masu jure wuta da rani. Haka nan wajibi ne a kare gaɓar Tafkin Tila daga zaizaya, domin tafkunan da suka adana tarihi mai tsawo irin wannan ƙalilan ne a Afirka ta Yamma.