Nisan Harbi ko Tsawon Lokaci? Nazarin Ladubban Harbin Barewa da Baka Daga Nesa a Amurka

Tsakure

Maharban baka a Amurka sun daɗe suna jayayya a kan nisan da ya dace a sakar wa barewa kibiya. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne kowane maharbi ya tsaya a iyakar ƙwarewar hannunsa. Wannan maƙala ta saɓa wa ra'ayin. Ta lissafa lokacin da kibiya ke ɗauka a iska, ta gwama shi da saurin sauti da motsin dabba, ta gano cewa daga yadi 40 zuwa sama, inda kibiya za ta sauka ya fi dogara da abin da barewa ta yi bayan saki, ba da abin da maharbi ya yi kafin saki ba.

1.0 Gabatarwa

Farauta da baka a Amurkan yau ta samo tushe daga likita Saxton Pope da abokinsa Art Young, waɗanda suka koyi sanɗa daga Ishi, mutumin ƙarshe na ƙabilar Yahi da ya fito daga dajin Kalifoniya a 1911. Jihar Wisconsin ce ta fara ware wa masu baka lokacin farautarsu a 1934. Hujjar wannan gata ita ce baka makami ne na kusa: mai shi sai ya sha wahalar kusantar dabba, don haka aka ba shi makonnin da ba a ba mai bindiga ba.

Daga baya kayan aiki suka canza. A 1969 Holless Wilbur Allen na jihar Missouri ya sami takardar mallakar fasahar baka mai tayoyi, wanda ke rage wa maharbi nauyin riƙe tsirkiya bayan ya ja ta. Aka zo da kibiyoyin kabon, da saiti mai zamewa, da na'urar auna nisa mai aiki da hasken leza. Yau maharbi mai atisaye kullum zai iya tara kibiyoyi wuri guda a yadi 80 a filin gwaji. Tambayar ita ce ko iya yin haka a fili ya halatta yin sa a kan mai rai.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe. Maharban ƙasar Hausa na da suna shafa wa kibiya dafin kwankwani, ko ina ta sami nama ta gama aiki. Dokokin mafi yawan jihohin Amurka sun hana dafi. Kibiyarsu reza ce, zubar jini take kisa, kuma ba ta kisa da wuri sai ta ratsa huhu biyu ko zuciya. A jikin barewa mai farar wutsiya, Odocoileus virginianus, faɗin wannan wuri kimanin santimita 20 ne, bai wuce ƙaramin faifai ba.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Ba za a tsaya dogon bayani a kan masu falsafar farauta ba. Aldo Leopold ya koka tun 1949 da yadda na'urori ke maye gurbin sanin daji, Jim Posewitz kuma ya faɗaɗa batun ba dabba damar tsira a littafinsa na 1994. Ƙungiyar Boone and Crockett da aka kafa a 1887, da Pope and Young da aka kafa a 1961, duk suna kan wannan aƙida, amma babu wadda ta yanke adadin yadi. Sun bar wa maharbi da zuciyarsa.

Inda ake bukatar tsayawa shi ne binciken raunata dabba, domin da shi masu jayayya kan farautar baka ke jifan juna. A 1998 Ditchkoff da abokan aikinsa sun wallafa abin da suka gani a harabar ma'aikatar harsasai ta soja da ke McAlester, jihar Oklahoma. Sun ɗaura wa mazan barewa 80 abin wuya mai rediyo. Maharba masu bakan gargajiya sun sami 22, amma 11 kawai suka ɗauka. Cikin 11 da suka ɓace, 3 ne suka mutu sanadin raunin. Masu adawa da farautar baka sun riƙe kashi 50 cikin 100 suna yayatawa, masu kare ta kuma sun riƙe 8 da suka rayu.

Sai binciken Pedersen da abokan aikinsa na 2008, daga sansanin sojan ruwa na Indian Head a jihar Maryland. Tsakanin 1989 da 2006, maharba 104 masu kayan zamani sun sami barewa 908, suka rasa 162, wato kashi 18 cikin 100. Wannan adadi masu goyon bayan harbin nesa ke kawowa, suna cewa ga shaida, kayan zamani sun rage ɓarna. Sun rage ɗin kuwa. Sai dai akwai abu biyu da ake tsallakewa. Maharban Indian Head zaɓaɓɓu ne, sai sun yi kwas sun kuma ci jarrabawar harbi kafin a bar su shiga dajin. Na biyu, ba a tsara binciken don auna tasirin nisa ba. Ɗaukar sakamakonsa a kafa hujja da shi kan harbin yadi 60 ɗora masa kayan da ba nasa ba ne. In ma an lura da kyau, hujjar juyawa take: idan ƙwararru da aka tantance suna rasa kusan ɗaya cikin biyar, me ake zato ga wanda ba a tantance ba, kuma yake harbi daga yadi 60?

3.0 Dabarun Gudanar da Bincike

Lissafi aka yi, ba a harbi dabba ba. An ɗauki saurin kibiya a matsayin mita 85 a sakan, wanda ya yi daidai da abin da baka mai tayoyi ke bayarwa da kibiyar farauta, ba adadin da kamfanoni ke tallatawa da kibiya mara nauyi ba. Saurin sauti mita 343 ne a sakan. An ƙaddara cewa barewa na ɗaukar sakan 0.1 kafin jikinta ya amsa ƙarar da kunne ya ji. An yi watsi da turjiyar iska, wanda rangwame ne ga masu harbin nesa, tunda kibiya rage gudu take yi a hanya.

4.0 Sakamako

4.1 Abin da na'ura ta magance

Kuskuren ƙiyasin nisa tsohuwar matsala ce. Idan maharbi ya yi kuskuren yadi 3 a nisan yadi 20, kibiya za ta kauce da kimanin santimita 3. Irin wannan kuskure a yadi 60 ya kai santimita 10. Na'urar leza ta kawar da shi, muddin dabbar ba ta gusa ba bayan awo. Rawar hannu ma atisaye na rage ta. A nan masu cewa kowa ya san iyakarsa suna da gaskiya.

4.2 Abin da ba ta magance ba

Da zarar tsirkiya ta bar hannu, abu biyu ke tashi zuwa wurin barewa, kibiya da ƙararta, kuma ƙarar ta fi kibiyar sauri sau huɗu. A yadi 20 kibiya na isa cikin sakan 0.21, ƙara kuwa cikin 0.05. A yadi 30 tazarar da ke tsakaninsu ta zama sakan 0.24, a yadi 40 ta zama 0.32, a yadi 60 ta kusa rabin sakan.

Me barewa ke yi da wannan tazara? Duk wanda ya kalli bidiyon harbi da aka rage wa sauri ya ga abin. Kunne zai motsa, ƙafafun gaba su lanƙwashe, ƙirji ya yi ƙasa, sannan ta murɗa jiki ta zabura. Ba kibiyar take kauce wa ba, shirin gudu take yi, sai ta durƙusa kafin ta tashi. Tunda sakin ƙafa take yi nauyin jiki ya ja ta, ana iya lissafa iyakar saukar da dokar faɗuwar abu. Bayan an cire sakan 0.1 na amsawa, ƙirjinta zai sauka da santimita 2 a yadi 20, santimita 10 a yadi 30, santimita 24 a yadi 40. A yadi 60 lissafi ya ba da santimita 73, adadin da ya fi abin da jikinta zai iya, tunda tsayinta a kafaɗa bai cika wuce mita ɗaya ba. Ma'anarsa ita ce ta gama durƙuso ta fara juyawa kibiya tana hanya.

A tuna cewa daga tsakiyar huhu zuwa gefensa santimita 10 ne. A yadi 20 saukar ba ta da wani tasiri. A yadi 30 tana bakin gaɓa, shi ya sa gogaggun maharba ke auna ƙasan ƙirji, don in ta sauka kibiya ta sami huhu, in ba ta sauka ba ta sami zuciya. A yadi 40 wannan dabara ta daina aiki. Wanda ya auna santimita 24 ƙasa da tsakiya ya auna ƙarƙashin ciki ko gwiwa, wanda ya auna tsakiya kuma kibiyarsa za ta faɗa naman gadon baya in dabbar ta motsa. Dole ya zaɓi ɗaya kafin ya san abin da za ta yi. Wannan caca ce, kuma jikin dabbar ne jinginar.

Za a ce to a sayi baka mai sauri. An gwada wannan a lissafi. Ko kibiya ta kai mita 100 a sakan, saukar a yadi 60 ba ta gaza santimita 40 ba. Kafin tazarar yadi 60 ta dawo daidai da ta yadi 30, sai kibiya ta yi gudun kimanin mita 137 a sakan, kuma babu bakan farauta da ake ja da hannu da ke ba da haka.

Hujja mafi ƙarfi da masu harbin nesa ke da ita ita ce barewar da ke nesa ba ta jin ƙarar sosai, saboda haka ba ta zabura. Sau da yawa haka ne, musamman in tana kiwo hankalinta kwance. Amma barewa mai kiwo tafiya take yi. A ƙaddara tana taku mita ɗaya a sakan, kuma ta ɗaga ƙafa a tsakiyar tafiyar kibiya. A yadi 20 za ta gusa da santimita 11, kibiya ta sami bayan huhu ko hanta. A yadi 60 za ta gusa da santimita 32, kibiya ta shiga tumbi. Sannan damar ta yi takun a cikin wannan lokaci ta ninka sau uku, domin lokacin kansa ya ninka sau uku.

Bambancin raunin huhu da na tumbi shi ne zuciyar maganar ladabi. Barewar da aka ratsa huhunta biyu kan faɗi cikin 'yan sakanni, jini ja mai kumfa a kan ganye yana nuna hanya. Wadda aka soka a tumbi takan ƙudundune baya, ta yi tafiyar sanɗa zuwa duhuwa ko bakin ruwa, ta kwanta. Kibiyar da aka tsinta tana ɗauke da kore-koren abinci da wari, jini kuwa ɗigo-ɗigo. Malaman farauta na koyar da a jira awa 8 zuwa 12 kafin a bi sawu, don in an tashe ta da wuri ba za a sake ganinta ba. Waɗannan awanni duk a raye take yin su.

Shi ya sa kwatanta farauta da gasa bai yi ba. A gasar Olimfik ana harbi daga mita 70, zoben tsakiya kuma santimita 12.2 ne, gwanaye suna samun sa a kai a kai. Abin da wannan ya tabbatar shi ne gwanintar mutum a kan abin da ba ya motsi. Gwanin Olimfik da ɗan koyo, kibiyarsu lokaci ɗaya take ɗauka a iska in saurinta ɗaya ne.

5.0 Iyakokin Binciken

Dole a amsa cewa sakan 0.1 ƙaddarawa ce, ba awo ba. An sake lissafin da 0.15, saukar ta koma santimita 4 a yadi 30 da 15 a yadi 40, wanda har yanzu ya haura santimita 10, don haka hukuncin bai canza ba. Adadin saukar kuma iyakar abin da zai yiwu ne, ba kowace barewa ke kai shi ba. Lissafin bai shafi baka mai kunama ba, wanda wasu samfuransa sun fi haka sauri. Maharban yammacin Amurka za su ce filinsu fetal ne, barewarsu mai dogon kunne ba ta da zabura kamar mai farar wutsiya. Ana iya ba su rabin wannan. Amma wahalar kusantar dabba dalili ne na komawa gida hannu rabbana, ba dalili ne na ƙara nisa ba, kuma a kan wannan wahalar aka fara ba masu baka lokaci na musamman a 1934.

6.0 Hukunci da Shawara

Ga barewa mai farar wutsiya da bakan da ake ja da hannu, harbi har zuwa yadi 30 yana hannun maharbi. Tsakanin 30 da 40 bai dace ba sai ga dabbar da ke tsaye cik, ta ba da gefe, ba ta san da mutum ba. Abin da ya wuce yadi 40 ba ya cikin ladabin farauta a kan lafiyayyar dabba, komai ƙwarewar mai baka. Togaciya ɗaya ce: barewar da ta riga ta ɗauki kibiya, a bi ta da wata daga kowane nisa.

Ana kira ga hukumomin namun daji na jihohi su ƙara tambaya biyu a takardar rahoton da maharba ke cikewa, nisan harbi da ko an ɗauki dabbar, su kuma haɗa har da harbin da bai kai ga nama ba. Masu koyar da kwas ɗin farauta kuma su sa ɗalibi ya lissafa sakannin kibiyarsa a yadi 20 da 40 da 60 kafin su sa masa hannu a takardar shaida.