Ranar da Aka Kai Giwan Ruwa Tafkin Biktoriya

Duk wanda ya taɓa kallon su a Argungu, ko ya zaga kasuwar kifi a Yawuri ko Baga, ya san giwan ruwa. Kifinmu ne na gida. A Kogin Kwara da Tafkin Chadi da Kogin Nilu ya daɗe yana zaune tare da sauran kifaye, yana cin su, amma bai taɓa ƙarar da su ba. Wannan kifin ne kuma ya zama sanadin ɗaya daga cikin asarar halittu mafi girma a ƙarni na 20, bayan da aka ɗauke shi aka jefa cikin ruwan da bai san shi ba.

Tafkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka yi tarayya a kansa, shi ne mafi faɗi a Afirka, kusan murabba'in kilomita 68,800. Babu giwan ruwa a cikinsa tun asali. Akwai shi a Tafkin Albat da ke ƙasa, amma gangaren ruwan Murchison ya tare masa hanyar hawowa. Masu tafkin na ainihi wasu ƙananan kifaye ne dangin ƙarfasa, waɗanda mutanen Tanzaniya ke kira furu, kimanin iri 500, mafi yawansu ba a samun su ko'ina a duniya sai nan. Abin mamakin shi ne binciken lakar ƙasan tafkin ya nuna ya taɓa ƙafewa kimanin shekara 15,000 da suka wuce, wato wannan yawan iri ya samu ne cikin ɗan lokaci ƙanƙane a ma'aunin tarihin halittu.

Kowane iri da sana'arsa. Wani yana kankare gansakuka daga jikin duwatsu, wani yana fasa katantanwa, wani ƙwari yake ci, wani ruɓaɓɓen abin da ya kwanta a ƙasan ruwa. Har akwai wanda ɓawon jikin 'yan'uwansa ne abincinsa. Wannan rabon aiki shi masana ke nufi idan suka ce kowace halitta tana da gurbinta. Haɗuwar masu ran da ruwan da hasken rana da laka kuwa, kowane yana tasiri a kan wani, ita ce abin da Arthur Tansley, masanin tsirrai ɗan Ingila, ya raɗa wa suna a 1935, wanda muke fassarawa da tsarin muhalli.

Jami'an kamun kifi na mulkin mallaka ba su kalli furu ta wannan fuska ba. A wurinsu ƙananan kifaye ne masu yawan ƙaya, marasa daraja a kasuwa. Dabarar da suka yi ita ce a kawo babban kifi ya cinye su, ya mayar da su tsoka mai kuɗi. An soma sakin giwan ruwa a ɓoye a shekarun 1950, sannan a hukumance a 1962 da 1963. Ba a rasa masu ja ba. Geoffrey Fryer, wani masanin halittun ruwa, ya yi gargaɗi a rubuce a 1960, kuma hujjarsa tana cikin littafin kowane ɗalibin sakandare a yau. Tun 1942 Raymond Lindeman ya nuna cewa ƙarfin da tsirrai ke kamawa daga rana yana raguwa a kowane mataki na sarƙar abinci. Abin da ke haurawa mataki na gaba bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Kenan kafin a sami kilo ɗaya na giwan ruwa, sai an ciyar da shi kusan kilo goma na furu.

Shekara ashirin aka yi shiru, har aka ɗauka masu gargaɗin sun yi kuskure. Ƙidayar da aka yi wajen 1970 ta nuna furu ne kimanin kashi 80 cikin 100 na nauyin kifin ƙasan tafkin. Sai a farkon shekarun 1980 giwan ruwa ya yi ambaliya, kuma kafin shekarun su ƙare an nemi furu a tsakiyar tafkin an rasa. Kimanin iri 200 suka ɓace, wasunsu tun kafin a ba su suna.

A nan ne labarin ya fi ƙarfin kalmar sarƙa, ya koma saƙa, inda zare ɗaya idan ya tsinke yake jan na kusa da shi. Masu cin gansakuka da masu share ƙasan ruwa sun tafi a daidai lokacin da jama'ar gaɓar tafkin ke ƙaruwa, ana sare daji, ruwan sama yana kwaso ƙasar gonaki da ƙazantar birane yana zubawa ciki. Gansakuka ta sami taki, ta rasa mai ci. Idan ta mutu sai ta nutse ta ruɓe, ruɓewar kuma tana shanye iskar oksijin, har zurfin tafkin ya zama wurin da kifi ba ya iya numfashi. Ruwan da ya gurɓace ya yi wata ɓarnar da ba wanda ya hango: matan furu da launi suke gane mazan irinsu, kuma binciken Ole Seehausen da abokan aikinsa a 1997 ya nuna cewa inda ruwa ya yi duhu, ire-iren suna cakuɗewa su narke cikin juna. Saboda haka rashin adalci ne a ɗora wa giwan ruwa laifin duka. Ya tarar da gini ya soma tsagewa, ya ƙarasa shi.

Tasirin bai tsaya a ruwa ba. Furu a rana ake shanya shi. Giwan ruwa kuwa maiƙo gare shi, rana ba ta busar da shi, dole sai banda, banda kuma sai itace. Haka kifin da ke cikin ruwa ya riƙa cin bishiyoyin tsibirai da na gaɓa.

Amma gaskiya ɗaya ce, masu dabarar sun sami abin da suka nema. Kamun kifi ya ninka sau da dama, masana'antun fere kifi suka tashi a Mwanza da Kisumu da Jinja, jiragen sama suna kwasar tsokar zuwa Turai, dubban mutane suka sami abin yi. Ta yaya hakan ya dace da lissafin Lindeman? Da farko giwan ruwa jarin da ya taru shekara dubbai yake ci. Da ya ƙare, sai ya koma kan wani ɗan jatan lande da wani ƙaramin kifi da ake kira dagaa, waɗanda suka yawaita bayan tafiyar furu, ya kuma haɗa da 'ya'yansa. Talakan gaɓar tafki, wanda a da yake sayen furu da ɗan abin da ke aljihunsa, ya koma sayen kai da ƙashin da masana'anta ta rage.

Daga shekarun 1990 yawan kamu ya soma rage giwan ruwan kansa, manyansa suka yi wuyar samu. Cikin wannan sarari wasu ire-iren furu da aka fid da rai da su suka sake bayyana a mashigin Mwanza, wasu da girman matsefin numfashinsu ya ƙaru, daidai da ruwan da iskarsa ta ragu.