Gashin tsuntsu huɗu da daren da Alu ya bar rundunarsa

A 1939 aka fito da wani fim a Ingila mai suna The Four Feathers, wanda Zoltan Korda ya ba da umarni, aka ɗauko labarinsa daga littafin A. E. W. Mason na 1902. Wani hafsa ne, Harry Faversham, ya ajiye aikin soja ana jajibirin tura rundunarsu yaƙin Sudan. Abokansa uku suka aiko masa da farin gashin tsuntsu, alamar ragwantaka a wurinsu, na huɗu kuma ya fito daga wajen budurwarsa. Sai ya ɓad da kama ya bi su, ya cece su, ya wanke sunansa. Kusa da ƙarshen fim ɗin aka nuna yaƙin Omdurman na 1898, inda mutanen Khalifa Abdullahi kusan dubu 10 suka kwanta dama a rana ɗaya. Babu wanda ya tsaya tambayar mutuncin waɗannan.

Duk ɗan Madadi ko Kabo da ya biyo hanyar Gwarzo zuwa birnin Kano, Ƙofar Kabuga ce ke tarbarsa, kuma ta nan namu labarin ya shigo. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Turawan Ingila ta Kanar Morland, bayan ta fasa Bebeji, ta kutsa Kano ta wannan ƙofa. Sojojinta fiye da 700 baƙar fata ne, Hausawa da yawa a cikinsu. Sarki Aliyu Babba, wanda Kanawa ke kira Alu, yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. Sallama Jatau ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi.

Labari ya iske Alu a hanyar komowa. A Birnin Goga, cikin dare, ya sulale ya bar runduna. Gari ya waye babu sarki. 'Yan'uwansa biyu, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi kamarsa, suka rabu. Wambai Abbas ya ja jama'arsa zuwa Kano ya miƙa wuya. Waziri Ahmadu ya ƙi. A ƙarshen Fabrairu, kusa da Kwatarkwashi, ya afka wa wata ƙaramar rundunar Turawa da ba ta kai mutum 50 ba, a ƙarƙashin Laftana Wallace Wright. Dawakin Kano suka yi ta sukuwa cikin ruwan harsashi, suna ja da baya suna dawowa, har Waziri ya faɗi. Ingila ta ba Wright lambar Victoria Cross. Kano ta ba Ahmadu suna Mai Shahada, kuma ni a ganina nasa ya fi nauyi.

Alu ne ke hana ni sakat. Mutumin da ya ci yaƙin basasar Kano a 1894 ya ƙwace gadon sarauta da takobi, wanda ake wa laƙabi da Mai Sango, wanda ya yi shekaru yana fafatawa da Damagaram, ba a yi masa shaidar tsoro ba kafin wannan dare. Wasu sun ce hijira ya nufa zuwa gabas. Abin da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi ke nan bayan faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris, kuma babu mai kiransa rago, domin ya mutu yana yaƙi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Sai dai Attahiru ya tafi da jama'arsa a bayansa, Alu kuwa ya bar tasa tana barci. Wannan ba na iya wanke shi a kai. Amma ba na yarda a shafe shekara tara na mulkinsa da dare ɗaya.

Faversham ya samu damar komawa fagen fama. Alu bai samu ba. An kama shi a ƙasar Gobir aka danƙa wa Turawa, shugabansu Lugard kuma ya naɗa Abbas sarki a watan Afrilu. Aka kai Alu Yola, daga baya aka mai da shi Lakwaja, inda ya zauna a gaɓar Kwara shekara da shekaru, har Allah ya karɓi ransa a 1926. Can aka binne shi.