Tarihin Mayar da Ramayana Fim ɗin Zane: Waiwaye a kan Aikin Yugo Sako

1.0 Gabatarwa

Ramayana doguwar waƙar jarumta ce ta mabiya addinin Hindu, wadda ake danganta ta ga Valmiki. Tana da baitoci kimanin 24,000 cikin harshen Sanskirit, kuma ta ƙunshi labarin yarima Rama da matarsa Sita, wadda Ravana sarkin Lanka ya sace. Wannan maƙala za ta waiwayi yadda wani mutumin Japan, Yugo Sako, ya mayar da ita fim ɗin zane, domin a ga irin sarƙaƙiyar da ke tasowa idan baƙo ya taɓa adabin da masu shi ke tsarkakewa.

2.0 Mafarin Aikin

A 1983 Sako yana shirya fim kan tone-tonen kayan tarihi da B. B. Lal ke gudanarwa kusa da Allahabad. Wannan ne ya sa shi karanta Ramayana, har ya ƙuduri aniyar zana ta. Da labari ya bazu, ƙungiyar Vishva Hindu Parishad ta kai koke ofishin jakadancin Japan a Delhi, bisa ganin cewa bai kamata baƙo ya mayar da Ramayana fim yadda ya ga dama ba. Hujjar Sako kuwa ita ce, zane ya fi ɗan wasa dacewa da siffanta wanda ake bauta wa. Gwamnatin Indiya ta ƙi sa hannu, don haka a Japan aka nemo kuɗin. Sako ya haɗa gwiwa da Koichi Sasaki da Ram Mohan, gwanin zanen Indiya, kuma masu zane kimanin 450 suka yi aikin.

3.0 Siyasa da Harshe

Kammala fim ɗin ya zo daidai da ƙazancewar rikicin Ayodhya, garin da Hindu ke ɗauka mahaifar Rama. A ranar 6 ga Disamba 1992 aka rushe masallacin Babri a can. An nuna fim ɗin a bikin finafinai na Delhi a 1993, amma bai sami yaɗuwa a gidajen silima ba. Daga baya talabijin ce ta shigar da shi gidaje.

Manazarcin harshe zai lura cewa da Ingilishi aka fara tsara hirarrakinsa, waƙoƙinsa kuwa da Sanskirit. Da aka juya shi zuwa Hindi, Arun Govil aka ba muryar Rama, wato wanda ya fito a matsayin Rama a shirin talabijin na Ramanand Sagar na 1987. Muryar da jama'a suka riga suka amince da ita ta rage wa zanen baƙunta. A Amurka kuwa, an taƙaita shi, aka sake masa suna da muryoyi.

4.0 Kammalawa

A Janairun 2025 aka sake fitar da fim ɗin a silimomin Indiya cikin Hindi da Tamil da Telugu da Ingilishi. Zanen dai shi ne na 1992. Abin da ya sauya shi ne harshen da ke bakinsa da kuma yanayin siyasar masu kallo. Saboda haka, mai nazarin juya tsohon adabi zuwa fim ya kamata ya riƙa tambayar wa ya zana, da wane harshe, kuma a wane lokaci.