Smong da 'Yar Gusau: Sunayen da Masifa Ta Bari



A yammacin ƙasar Indonesiya akwai wani tsibiri mai suna Simeulue, mutanensa Musulmi ne, masunta da manoma. A watan Janairun 1907 ƙasa ta girgiza, teku ya ja da baya, mutane suka ruga tsintar kifi a kan yashi, sai ruwan ya dawo kamar katanga ya share su. Waɗanda suka tsira suka raɗa wa abin suna Smong, suka saka shi cikin waƙoƙin reno da labaran dare. Saƙon gajere ne: in ƙasa ta girgiza, teku ya janye, bar komai ka hau tudu. Ranar 26 ga Disamba 2004 abin ya sake aukuwa. Mutum kusan dubu 230 suka rasu a ƙasashen da ke bakin tekun Indiya, amma a Simeulue, mai mutum kusan dubu 78, bakwai kawai aka rasa. Kalma ɗaya da kakanni suka bari ita ta kai su tudu.

Mu nan Funtua da Malumfashi ba mu da teku, ruwan da muka fi sani shi ne na madatsar Mairuwa. Tamu ambaliyar ita ce fari da yunwa, kuma takan ɗauki damina guda tana tahowa. Kakanninmu ma ba su bar ta ta wuce babu suna ba.

Babbar yunwar da ta biyo bayan farin 1913 ta ci gaba cikin 1914, a wurare da dama ana kiranta Kakalaba, wasu a ƙasar Katsina su ce Malali. Ta 1927 ana ce mata 'Yan Buhu. Ta 1942 ita ce 'Yar Gusau. Tsakaninsu akwai shekarun fara na farkon 1930. Tsofaffi da waɗannan sunaye suke lissafin haihuwa da aure da naɗin sarauta, shi ya sa da masu bincike suka zo, irin su Polly Hill a Batagarawa da Michael Watts a Kaita, daga bakin talakawa suka karɓi jerin, suka gwada shi da takardun Turawa.

Mu tsaya kan 'Yar Gusau, domin ita ta fi kusa da Smong. Sunan kansa kwatance ne. Titin jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, ya mayar da waɗannan garuruwa kasuwannin hatsi da auduga. Da abinci ya ƙare a arewa, Gusau aka nufa. Duk yaron da ya ji sunan ya san abu biyu: an taɓa yin yunwa, kuma ga inda aka dosa aka rayu. Akwai kuma abin da sunan bai faɗa ba, wanda aikinmu ne mu tono. Shekarar 1942 tsakiyar yaƙin Hitila ce. Gwamnatin Ingila tana karɓar hatsi daga hannun manoma don ciyar da sojoji da ma'aikatan haƙar kuza a Jos, tana kuma ɗibar majiya ƙarfi zuwa aikin tilas a can. Ga haraji da ake biya da kuɗi tun da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Manomi ya sayar da dawa a wulaƙance don ya fita hannun dagaci, ya dawo ya saye ta da tsada a watan Yuli. Ƙarancin ruwa daga Allah ne, amma a cikin wannan yunwa akwai hannun mutum dumu-dumu.

Wani lokaci sunan ma yakan nuna hannun ƙarara. 'Yan uwanmu na Nijar suna kiran yunwar 1984 da El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a watan Afrilun wannan shekara, hatsin da aka saba shigarwa ya tsaya. Talaka ba shi da jarida, amma ya rubuta ƙorafinsa a wurin da ba ya gogewa.

Ya kamata mu san matsayinmu a wannan tarihi. Kudancin Katsina ya fi arewa samun ruwa da ƙasa mai kyau, saboda haka sau da yawa mu ne tudun da ake gudowa. Daga Daura, daga Maraɗi, daga Damagaram mutane suka riƙa gangarowa da jakuna da 'ya'ya a goye. Wasu sun koma da damina ta gyaru, wasu suka karɓi gona suka zauna. In muka bi salsalar gidaje da yawa a Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur, za mu iske kakan da ya zo cin rani bai koma ba.

To, da me aka tari masifar? Abu na farko salla. In ruwa ya ɗauke shuka ta fara naɗe ganye, liman ya sa a yi azumi da sadaka, a fita filin idi da tsofaffin tufafi, da yara da tsofaffi, a yi raka'a biyu, a juya riguna, a roƙi ruwa. Malamai sukan tuna wa jama'a Shekarar Toka a zamanin Sayyidina Umar, shekara ta 18 bayan Hijira, da yadda ya fita roƙon ruwa tare da Abbas baffan Annabi (SAW), ya kuma aika larduna a kawo abinci Madina. Ita ma ga ta da sunanta. A gefe guda kuma akwai na gargajiya: mata su sa kayan maza su zaga gari, samari su fita farautar ruwa, Maguzawan yankin Malumfashi su yi nasu yanke-yanken. Malamai sun daɗe suna faɗa da wasu daga cikin waɗannan, kuma ba shari'arsu muka zo yi ba. Marubucin da ya share su daga labarinsa dai ya rage wa tarihin ƙafa ɗaya.

Abu na biyu, wanda a ganinmu ya fi ban sha'awa, shi ne yadda imani ya shiga cikin rumbu. Manomin da ya ji tafsirin Suratu Yusuf duk azumi ya san shawarar da aka ba sarkin Masar ta barin hatsi cikin zangarniyarsa, kuma haka yake ajiye nasa, dami-dami, ba a sussuke ba. Akwai rumbun da mai gida yake liƙewa ba a taɓa shi sai an shiga noma, akwai na tsimi da ake bari don baƙar shekara. Zakkar hatsi, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, tana fita tun a gona. Sarkin Noma ba ya amsa sunansa sai ya noma dubu kuma jama'a sun ci. Sai ilimin mata, wanda ba a cika ba shi haƙƙinsa ba: tafasa, rama, yaɗiya, zogale, muruci, wanne ake tafasawa a zubar da ruwan farko, wanne ake gauraya da ɗan ƙuli-ƙuli ya riƙe cikin yaro har dare. In abu ya kai maƙura har gidan tururuwa ake tonawa.

Bayan farin 1972 zuwa 1974 sai hukuma ta shigo da nata maganin. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Takin zamani ya zo, hanyoyin karkara suka zo, masara ta fara ture dawa da gero. An samu yabanya, babu musu. Sai dai hatsi ya koma buhu, buhu ya koma sito a kasuwa, gidaje da yawa yau babu rumbu ko ɗaya.

Abin da ke damunmu a littattafanmu shi ne, in labari ya kai nan sai a ce "aka yi wata irin yunwa a garin," a wuce zuwa soyayya. Wace yunwa? Wa ya ba da ramcen dami, a kan dami nawa za a biya da kaka? Wace hanya aka bi, wa aka bari a baya? Waɗanda suka ga 'Yar Gusau da wayonsu yanzu sun doshi casa'in, waɗanda suka ga 1973 suna nan da yawa a majalisun Dandume da Faskari. In kun je, kada ku tambaye su shekara, ba da ita suke lissafi ba. Ku tambayi me ake kiranta a garinsu, sannan ku tambayi tsohuwar gidan abin da ta dafa. Wanda ya samo suna ya ajiye mana shi a ƙarƙashin wannan rubutu, da sunan garin da ya ji shi.