Sanyin Tsohuwar Mota, Daga Fijon Kaduna Zuwa 'Yar Kwatano

Waɗanda suka yi wayo a ƙasar Hausa kafin yaƙin basasa sun riski zamanin da mai mota, hakimi ne shi ko babban ma'aikacin En'e, ba shi da wata dabarar kashe zafin rana illa ya sauke gilashi, ya bar iska ta shigo masa da abin da ta kwaso na ƙura da hucin hanya, har ya isa inda za shi rawani ya yi ja. Kuma babu wanda ya ɗauki wannan a kan tawaya, saboda mallakar motar ita kanta ni'ima ce da ba kowa Allah ya nufa da ita ba. Alhali kuwa a lokacin na'urar sanyaya mota ta kwana biyu a duniya, domin tun 1939 kamfanin Packard na Amurka ya fara sa ta a motocinsa. Sai dai galibin motocin da ke zuwa mana na Ingila ne da Faransa da Jamus, ƙasashen da larurarsu ita ce ɗumama mota da hunturu, ba sanyaya ta ba.

Da arzikin man fetur ya bunƙasa a zamanin Janar Gowon, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, aka kuma buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna cikin shekarar, sai mota ta sauko daga ƙofar fada zuwa ƙofar akawu da malamin makaranta. Ma'aikaci ya karɓi rancen mota, ya fito da 504 sabuwa fil wadda ko ledar kujerunta ba ya yarda a cire, in kuwa aljihunsa ya kai ya zaɓi mai iyakwandishan, ya ɗage gilashi ya ratsa unguwa, kowa ya san an samu. Naira a lokacin ta fi dala daraja, sanyin mota kuwa ƙawa ne na masu hali, ba a lissafa shi cikin abin da sai da shi mota ke cika.

Al'amari ya juya a 1986, yayin da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da tsarin gyaran tattalin arziki, aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, kafin a farga dala ɗaya ta koma wajen naira 4, ba ta kuma daina hawa ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. A daidai wannan lokaci kuwa Turawan Jamus da Beljiyam da Holan, waɗanda tsananin binciken lafiyar mota a ƙasashensu ke sa gyaran tsohuwa ya fi sayar da ita tsada, suna neman inda za su kai nasu. Sai fatake, da yawansu 'yan Labanan, suka mai da titin Heyvaert na birnin Burasal matattara, ana loda motocin a jirgin ruwa daga tashar Antwap, ana sauke su a Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Daga can takarda takan nuna Nijar za su, direbobi su jero su ayari guda ta Faraku da Malambil, su haye kogi zuwa Gaya, su bi Dosso da Ƙonni har Maraɗi, sa'an nan 'yan fito su san yadda za su yi da su ta Illela ko Jibiya, dare mahutar bawa ya zama lokacin aikinsu. Ta haka Golf da Opel da tsofaffin Marsandi suka cika Kano da Katsina da Sakkwato, wanda bai taɓa tsammanin riƙe makullin mota ba ya riƙe.

Amma fa motar da aka ƙera domin ƙasar dusar ƙanƙara ba ta mance asalinta don ta ƙetare teku. Mai saye ya buɗe aljihun gaba ya tarar da ɗan abin kankare ƙanƙara daga gilashi, ya murɗa maɓalli yana neman sanyi hita ta huro masa wuta, ya ɗaga kai ya ga rufi mai buɗewa wanda Bature ya biya kuɗi musamman domin rana ta shigo masa, mu kuwa ita muke gudu. Mafi yawan ƙananan motocin Turai na wancan zamani ba su zo da iyakwandishan ba, kuma daga wannan giɓi ne wata sana'a ta tsiro a garejinmu, ta masu haɗa sanyi, waɗanda kan ciro na'urar daga motar da ta mutu ko ta yi haɗari, su huda nan su ɗaure can, su ƙara fanbel, su dasa ta a jikin wadda ba a ƙera ta da ita ba. Tun daga nan dillalai suka raba haja biyu, mai sanyin kamfani da mai sanyin haɗi, kowace da kuɗinta. Na haɗin yakan yi sanyi, ba a musu, sai dai ƙaramin injin da aka ɗora masa kayan da ba nasa ba, da zarar kwamfureso ya kama sai ka ji motar ta girgiza ta rage ƙarfi, in an zo hawa kuwa direba ya miƙa hannu ya kashe sanyin tukuna.

Sai kuma musibar gas, wadda asalinta nesa ne da mu ƙwarai. Tsofaffin motoci duka da gas ɗin nan Freon, mai lamba R12, suke aiki, wanda Thomas Midgley da abokan aikinsa suka samar a Amurka wajen 1930. A 1974 masana biyu, Molina da Rowland, suka bayyana cewa irinsa yana cinye rufin iskar nan na sararin sama da ke tace mugun hasken rana, a 1987 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Mantiriyal ta daina yin sa, zuwa tsakiyar shekarun 1990 kuma sababbin motoci suka koma R134a. Hukuncin daidai ne, babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Amma wanda ya ɗauki nauyinsa a aikace shi ne mai tsohuwar mota a Gusau ko Damagaram, domin sabon gas ɗin ba ya jituwa da man da ke cikin tsohon kwamfureso, yana aiki da matsi mafi yawa, yana kuma sulalewa ta tsofaffin robobi. Wanda aka yi wa juyi na haƙiƙa, aka wanke bututu aka sake mai da robobi, ya sami sanyi gwargwado. Wanda aka ɗura masa sabo a kan tsoho don neman sauƙi, bayan 'yan watanni kwamfureso ya ƙone, ya gane araha ba ta ado.

Ko da na'urar lafiya lau ta iso, ƙasarmu tana da nata hukuncin. Aikinta shi ne ta kwashe zafin cikin mota ta zubar da shi waje ta kwandensa, wato faffadan ƙarfen nan mai ƙananan ramuka da ke gaban lagireto. To ƙurar hunturu ta toshe ramukan, bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, motar kuma ta tsaya cik a cunkoson kasuwa babu iskar da ke bugun gabanta, ina zafin zai tafi? Shi ya sa tsohuwar mota kan yi sanyi a kan babbar hanya ta ƙi yi a cikin gari, allurar zafin inji ta dinga hawa. Bakanikenmu ya amsa da abin da ke hannunsa, ya haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa muddin inji na kunne, ya cire tamostat ya jefar yana cewa kayan ƙasar sanyi ne. Na farkon dabara ce mai karɓuwa, na biyun kuwa, a ganina, cutarsa ta fi amfaninsa. Mai gyaran sanyi na ƙwarai ana gane shi da haƙuri: ya maƙala agogonsa biyu, ja da shuɗi, ya kaɗa ruwan sabulu ya bi mahaɗar bututu ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, yana jiran inda kumfa za ta taso, ba ya taɓa gwangwanin gas sai ya toshe ɓarakar ya zuƙe iskar ciki.

A nan ne ya kamata a dubi kalmar da ta fi kowace yawo a bakin dillalai: "Alhaji, esi lafiyarta ƙalau, gas kawai za a zuba." Gas ɗin mota ba fetur ba ne da ke ƙonewa, kewayawa yake yi a rufe, ba ya ƙarewa sai in akwai inda yake yoyo, kuma ƙara shi ba tare da gyara ba ɗiban ruwa ne da kwando. Malamanmu na Malikiyya, a babin ciniki na Risala da Muhtasar, sun tabbatar da haramcin ɓoye aibi a cikin haja, sun kuma bai wa mai saye zaɓin mayarwa idan ya gano shi, ma'aunin aibin kuwa shi ne abin da ke rage kuɗin kaya bisa al'adar mutane. A zamanin En'e babu alƙalin da zai saurari ƙarar rashin sanyi; a yau kuwa, tun da motocin da ake kawowa daga Amurka irin su Camry da Accord, waɗanda kusan dukkansu da sanyin kamfani suke zuwa, suka mamaye kasuwa, har ya zama lafiyar sanyi ita ce tambayar da ke biye wa ta inji da giya, babu shakka matacciyar na'ura aibi ce da ya wajaba a bayyana.

Gwamnati ta yi ta sa wa motocin iyakar shekaru tana sassautawa, ta hana shigo da su ta kan tudu daga farkon 2017, amma abin da dokokin nan suka kasa yi wa sanyin mota, cire tallafin mai na 2023 ya yi shi cikin mako guda, da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, har masu lafiyayyen sanyi da yawa suka koma sauke gilashi don tsimin mai. Duk da haka farashin mota mai sanyi bai daidaita da na marar sanyi ba. Saboda haka, ya kai mai niyyar saye, kada ka gwada na'urar da sanyin safiya ko cikin hunturu. Kai motar rana da azahar, ka bar ta a tsaye inji na kunne kamar rubu'in sa'a, idonka a kan allurar zafi, kuma ka sa lafiyar sanyin cikin sharaɗi a gaban shaidu kafin a ce an sallama.