Karatun Harkar Kuɗi ga Ɗan Gobir: Sakkwato, Maraɗi ko Ingila?

Mutumin Sabon Birni ya fi kusa da Maraɗi a kan birnin Sakkwato, kuma tun yana yaro ya saba ganin ana canjin naira da sefa a kasuwa. Saboda haka idan ɗansa ya ce zai karanta akanta ko aikin banki a waje, wajen iri biyu ne. Akwai na tsallaken iyaka, wato Maraɗi, inda Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo take, da Jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a 2013. Akwai kuma na tsallaken teku, Ingila ko Maleshiya. Lissafin kowanne daban.

Na tsallaken teku shi ya fi shan dukan canji. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin makaranta bai motsa ba a fam, amma ya ninka fiye da sau uku a aljihun uba. A shekarar ne aka ji labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka umarta su bar Ingila saboda sun kasa cika kuɗi. Uban kuwa, a garin Isa, shi ne wanda 'yan bindiga suka hana noman fadama, suka kore masa shanu, wani lokaci har da kuɗin fansa a wuyansa. Lamunin NELFUND da aka fara a 2024 na makarantun gwamnati ne na cikin gida, ba ya bin ɗalibi ƙetare.

Amma ba tsada ce babbar hujja ba, a ganina. Harkar kuɗi sana'a ce da ke ɗaure da dokar ƙasar da ake yin ta. Mai son sa hannu a kan rahoton binciken asusun kamfani a Najeriya sai ya zama ɗan ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ɗan ANAN, ko da a Landan ya yi digiri. Dokar haraji da ƙa'idojin Babban Banki ma a nan ake koyonsu. Jarrabawar ACCA da CFA, waɗanda duniya ta sani, ana rubuta su a Legas da Abuja. Mai digirin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ya haɗa da ɗayansu ya fi shiga kasuwar aiki da sauri fiye da wanda ya dawo da kwali kaɗai, yana jiran Ma'aikatar Ilimi ta tantance shi kafin bautar ƙasa. Tantancewar ma ta tsananta tun Janairun 2024, bayan an bankaɗo cinikin digiri a Kwatano aka dakatar da karɓar takardun Benin da Togo.

Fita tana da amfani idan abu takamaimai aka je nema, bayan digirin farko, kuma da tallafin karatu. Sanusi Lamido Sanusi ya karanta tattalin arziki a Zariya, ya yi aikin banki, sannan ya tafi Khartum karatun Shari'a. A zamaninsa na gwamnan Babban Banki ne bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012. Yau ga TAJBank, ga Lotus, ga sukuk ɗin gwamnatin tarayya tun 2017. Mai son wannan fanni yana da cibiyar bankin Musulunci a Jami'ar Bayero, in ya so zurfafawa sai INCEIF a Kuala Lumpur.

Maraɗi kuwa ana raina ta ba bisa ƙa'ida ba. Nijar na bin tsarin akanta na OHADA, da Faransanci, ƙarƙashin babban banki na BCEAO, Najeriya kuma ta koma tsarin IFRS tun 2012. 'Yan kasuwar da ke jigilar wake da albasa da dabbobi tsakanin ƙasashen biyu suna buƙatar mai iya karanta littafin asusu ta kowane ɓangare, kuma irinsa ba su da yawa. Haɗarin shi ne iyakar kanta: an rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, mutane da dama suka koma bin hanyar daji a kan babur, cikin yankin da 'yan bindiga irin su Bello Turji ke kai-komo.